Yadda Abinci Ke Tafiya A Cikin Jikin Mutum: Darasi Daga Kasuwar Kwastam

In malami ya tambayi yaran aji, ya ce, “Sa'ad da kuka haɗiye lomar tuwo, me ke kai ta ciki?” mafi yawansu za su ce faɗawa ta ke yi, kamar yadda guga ke faɗawa rijiya. Har manya ma da yawa haka su ke zato. Alhali kuwa ba haka abin ya ke ba. Abinci ba faɗawa ya ke yi ba, tura shi a ke yi. Tun daga maƙogwaro har zuwa dubura akwai tsoka mai matsa shi tana tura shi gaba, dare da rana, ko muna farke ko muna barci.

Wannan magana ba ta cin jarrabawa kaɗai ba ce. Wanda ya gane ta zai san abin da ya kamata a yi wa yaro mai zawo, ya kuma san irin ciwon cikin da ba a jinyarsa a gida. Mu da za a tura makarantun unguwanni da na ƙauyuka, sau da yawa mu ne iyaye za su fara tambaya kafin su ga malamin asibiti. Kayan koyar da darasin kuwa ba sai an aiko da su daga wata ƙasa ba. Wanda ya shiga Kasuwar Kwastam da ke wajen Gamboru a nan Maiduguri, ya buɗe ido, zai same su duka.

Dabba mai shan ruwa

Ku fara da duban doki ko jaki ko sa yana shan ruwa. Bakinsa yana ƙasa, cikinsa yana sama, amma ruwan yana hawa. In kuka tsaya ta gefen hagun dabbar kuka dubi wuyanta da kyau, za ku ga wani ɗan tudu yana bin wuyan yana wucewa, wani na bin wani. Ko wane tudu kurɓi guda ne, tsokar maƙogwaro ta kama shi tana turawa. Da nauyi ne ke kai ruwa ciki, da raƙumi bai taɓa shan ruwa a tafki ba.

Mutum ma haka ya ke. A shekarar 1961 Yuri Gagarin na ƙasar Rasha ya ci abinci a sararin sama, inda abu ba ya faɗuwa ƙasa in an sake shi, ya kuwa haɗiye lafiya lau. John Glenn na Amurka ma ya yi haka a 1962. Gaskiya ne nauyi yana taimakon ruwa in mutum yana tsaye ko yana zaune, amma ainihin aikin na tsoka ne.

A rumfar mahauta

Daga nan sai ku nufi wajen mahauta, ku tsaya inda a ke gyaran kayan ciki. Ku lura da yadda mai gyaran hanji ke yi. Ya kan kama hanjin da yatsu biyu ya matse, sa'an nan ya ja yatsun gaba a matse. Abin da ke ciki ba shi da hanyar komawa baya, sai ya gudu gaba ya fita. To, abin da yatsun mahauci ke yi daga waje, shi ne hanji mai rai ke yi wa kansa. Masana suna kiran wannan motsi feristalsis. Mu a aji muna iya ce masa matsi da turi.

Ku roƙi mahauci ya yanka muku guntun hanji ku dubi jikinsa. Ko da ya ke ba shi da kauri, tsoka shimfiɗa biyu ce a cikinsa. Ta ciki ta kewaye hanjin kamar zobe, in ta tsuke sai ramin ya ƙuntata. Ta waje kuwa ta bi tsawonsa, in ta tsuke sai wurin ya gajarta. Ga yadda su ke aiki tare: zoben da ke bayan loma ya matse, wanda ke gabanta ya saki ya ba da hanya. Loma ta matsa gaba kaɗan, sai zobe na gaba ya karɓa ya matse, na gabansa ya saki. Haka za a yi ta yi, kamar masu miƙa wa juna tubali wajen gini.

Wannan tsoka ta bambanta da ta hannu ko ta ƙafa. Tsokar hannu tana jin umurninmu, tana da sauri, amma tana gajiya. Tsokar hanji ba ta jiran umurninmu, a hankali ta ke aiki, ba ta kuwa gajiya da wuri.

Tafiyar loma, zango zango

Bari mu bi lomar burabusko da miyar kuka tun daga baki.

Zango na fari, baki. Haƙora su niƙa, yawu ya jiƙa, harshe ya dunƙula loma ya tura ta baya. Iyakar inda ikonmu ya tsaya ke nan. Da zarar loma ta wuce bayan harshe, sai numfashi ya tsaya na ɗan lokaci, wani ɗan marfi ya rufe hanyar iska don kada abinci ya bi ta. Mai surutu ko dariya da abinci a baki yana rikita wannan tsari, shi ya sa ya kan ƙware.

Zango na biyu, hanyar da ta tashi daga maƙogwaro zuwa tumbi. A jikin babban mutum tsawonta wajen inci 10 ne, watau santimita 25. Loma ta kan ratsa ta cikin daƙiƙa 8 zuwa 10. A ƙarshenta akwai zoben tsoka mai kama da bakin jaka mai mazagi. Ya kan buɗe loma ta shiga tumbi, sa'an nan ya tsuke. In bai tsuke sosai ba, ruwan tumbi mai tsami ya kan hauro ya ƙona ƙirji. Wannan shi ne ƙwannafi, shi ya sa kuma ba a son mutum ya cika ciki ya kwanta nan da nan.

Zango na uku, tumbi. Shi tsokarsa shimfiɗa uku ce, ta ukun a karkace ta ke. Wajen sau 3 a ko wane minti matsi ya kan taso daga tsakiyarsa ya nufi ƙofar fita. Ƙofar kuwa ƙanƙanuwa ce, ba ta barin abu ya wuce sai ya yi laushi ya zama kamar kunu. Abin da bai narke ba ya kan bugi ƙofa ya komo baya, a sake cuɗa shi. Abinci ya kan yi awa 2 zuwa 4 a nan. Ruwa da kunu su kan wuce da wuri, mai maiƙo kamar soyayyen nama shi ya fi daɗewa. Dalili ke nan da ya sa wanda ya sha koko kaɗai da safe ya kan riga wanda ya haɗa da ƙosai jin yunwa.

Zango na huɗu, ƙaramin hanji. An ce masa ƙarami don siririntakarsa, amma shi ne mafi tsawo. In an miƙe shi bayan mutuwa ya kan kai wajen ƙafa 20, watau mita 6. A jikin mai rai bai kai haka ba, domin tsokar tana riƙe da shi. A nan motsi iri biyu ne. Akwai turi, akwai kuma damu. Wajen damu, zobba da yawa su kan matse lokaci guda su raba abinci gunduwa gunduwa, su saki, waɗansu kuma su matse a tsakaninsu, kamar sau 12 a minti a farkon hanjin. Kamar mai dama fura ke nan, tana juya ludayi don nono ya ratsa ko ina. Da haka abinci ke gauraya da ruwan matsarmama da sauran ruwan narkewa, ya kuma shafi jikin hanji, amfaninsa ya shiga jini. Wannan zango ya kan ci awa 3 zuwa 5.

Zango na biyar, babban hanji. Tsawonsa wajen ƙafa 5 ne, amma a nan aka fi daɗewa, kwana ɗaya ko biyu. Aikinsa shi ne tsotse sauran ruwa. Sau kaɗan a yini wani babban turi ya kan taso ya kwashe abin da ya taru ya kai shi kusa da mafita, yawanci bayan an ci abinci. Shi ya sa jariri ya kan yi kashi yana gama shan nono, yaro kuma ya nemi izinin fita bayan tara. A mafita akwai zobe biyu. Na ciki ba ya jin umurninmu, na waje yana ji, shi ne kuwa yaro ke koyon riƙewa sa'ad da ya fara wayo.

Ko ciki ba kome, aiki ba ya tsayawa. Kamar bayan ko wane minti 90 zuwa awa 2 wani matsi mai ƙarfi ya kan taso daga tumbi ya bi ƙaramin hanji ya share ragowar abinci, yadda a ke share rumfa bayan an tashi daga kasuwa. Ƙugin da mai azumi ke ji da rana, ƙarar iska da ruwa ce da a ke turawa.

Wa ke ba da umurni?

Mahauta sun san wani abu da ya kamata ko wane malami ya gani da idonsa. In an feɗe akuya nan take bayan yanka, hanjinta ya kan ci gaba da motsi na ɗan lokaci kamar tsutsa, alhali ba sauran wani saƙo da ke zuwa daga ƙwaƙwalwa. Dalili shi ne hanji yana da jijiyoyin saƙo nasa na kansa, a shimfiɗe kamar taru tsakanin tsokokin nan biyu. Wani likitan Jamus, Leopold Auerbach, shi ya bayyana su a 1862.

A 1899 waɗansu masana biyu a Landan, William Bayliss da Ernest Starling, suka gwada abin a hanjin kare. Suka ga in an taɓa wuri guda daga ciki, bayansa ya kan matse, gabansa ya saki, ko da an yanke jijiyoyin da suka haɗa hanjin da ƙwaƙwalwa. Suka kira wannan dokar hanji.

Amma ba a ce ƙwaƙwalwa ba ta da hannu ba. Bayan an gano hoton ƙashi a 1895, wani ɗalibin likita a Jami'ar Harvard ta Amurka, Walter Cannon, ya riƙa gauraya abinci da wani gari mai fitowa a hoton, yana ba dabbobi yana kallo. A 1898 ya ba da labarin abin da ya gani a tumbin kyanwa: matsi na bin matsi a tsanake, amma da zarar ta fusata ko ta tsorata sai motsin ya tsaya cik. Tsoro yana tsai da tumbi, wani lokaci kuma ya zaburar da babban hanji, kamar yadda masu shiga jarrabawa suka sani. Saboda haka lokacin cin abinci ba lokacin tsawa da bulala ba ne.

In tafiya ta yi sauri

Ga wani lissafi da ya kamata ku riƙe. Babban mutum ya kan sha kamar lita 2 na ruwa a yini, har da na cikin abinci. Jiki kuma ya kan zuba wajen lita 7 a hanyar abinci, watau yawu da ruwan tumbi da na matsarmama da na hanji. Duka wajen lita 9 ke nan, amma abin da ke fita a bayan gida bai kai cikin kofin shayi ba. Sauran duk hanji ya tsotse ya mayar wa jiki. In ƙwayar cuta ta shiga, hanji ya kan zubo ruwa fiye da kima, turi ya ƙaru, lokacin tsotsa ya ƙaranta. Shi ne zawo.

Mafi tsananinsa shi ne kwalara, watau amai da gudawa. Dafin ƙwayarta yana sa jikin hanji ya yi ta kwararo da ruwa da gishiri, bayan gida ya fito kamar ruwan wankin shinkafa. Babban mutum yana iya rasa lita guda cikin awa ɗaya. Mutanen garin nan sun san ta. A watan Agusta na 2017 ta ɓulla a sansanin 'yan gudun hijira na Muna Garej da ke kan hanyar Dikwa, ta kama mutum fiye da 5,000 a Jihar Borno kafin ƙarshen shekara. Ran 10 ga Satumba 2024 kuma, bayan madatsar ruwan Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Kwastam da Gamboru da unguwanni masu yawa, ya gauraya shadda da rijiya. A watan Oktoba gwamnatin jiha ta ba da sanarwar ɓullar kwalara.

To, a nan ne sanin darasinmu ke ceton rai. Uwa in ta ga ɗanta yana zawo, abin da ta ke so shi ne ya tsaya, sai ta nemi ƙwayar tsai da zawo wajen mai tallar magani. Irin wannan ƙwaya, kamar loferamaid, tsokar hanji ta ke kwantarwa. Ba ta kashe ƙwayar cuta. Ruwan da ya riga ya zubo yana iya taruwa a hanji inda ido ba ya gani, cuta kuma ta sami wurin zama. A jikin ƙaramin yaro tana iya tsai da hanji gaba ɗaya, ciki ya kumbura. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a ba yaran da ba su kai shekara 5 ba irin waɗannan magunguna. Babba ma kada ya sha in akwai jini a bayan gida ko zazzaɓi.

Abin da ke kisa a zawo shi ne ƙarewar ruwan jiki, maganinsa kuwa shi ne a mayar da ruwan. Masana sun gano cewa ko hanjin mai kwalara yana iya tsotsar gishiri in an haɗa shi da sukari, ruwa kuma ya bi gishirin ya koma jini. A 1971 wani likitan Indiya, Dilip Mahalanabis, ya yi aiki da wannan a sansanin 'yan gudun hijira a Bangaon. Da fari wajen mutum 30 cikin 100 na masu cutar ke mutuwa, sai aka koma ƙasa da 4. Ga abin da za a yi:

1. A zuba ƙunshi guda na garin gishiri da sukari na asibiti cikin lita guda ta ruwa mai tsabta.
2. In babu shi, a sa sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali, cikin lita guda ta tafasasshen ruwan da ya huce. Kada a ƙara gishiri.
3. A riƙa ba yaro kaɗan kaɗan da cokali. In ya yi amai, a dakata minti 10 a ci gaba.
4. Kada a hana shi nono ko abinci.
5. A karɓo ƙwayar zinki a ba shi kwana 10 zuwa 14.
6. In idanunsa sun faɗa, ko ya kasa sha, ko ya yi laushi, ko an ga jini, ko zawo irin na ruwan shinkafa, a kai shi asibiti nan da nan, ana ba shi ruwan a hanya.

In tafiya ta yi nawa, ko ta tsaya

In abinci ya daɗe a babban hanji, ruwansa ya kan ƙafe, bayan gida ya yi tauri. Tsokar hanji tana son abin da za ta kama ta tura. Abin nan kuwa shi ne dusa da zaren ganye waɗanda ciki ba ya narkarwa. Suna nan a Kasuwar Kwastam da araha: wake, gero da dawa da ba a surfe su ƙwarai ba, kuka, kuɓewa, zogale, rama, alayyafo, gwanda da lemo. A haɗa da shan ruwa isasshe, musamman a zafin Afrilu da Mayu, da motsa jiki, da zuwa bayan gida in ya matsa. Makarantar da ba ta da shadda mai tsabta tana koya wa yara riƙewa, riƙewa kuwa tana jawo tauri. Ku sani kuma kodin da taramol suna kwantar da tsokar hanji, taurin bayan gida yana cikin wahalar masu shansu.

Amma akwai tsayawa mai haɗari, watau toshewar hanji. Tana iya zuwa in hanji ya maƙale cikin gwaiwa, ko ya murɗe, ko wani sashe ya shige cikin wani, ko macijin ciki ya dunƙule ya tare hanya a cikin yaro. Tsoka ta kan yi ta matsawa da ƙarfi tana neman wucewa, sai ciwo ya riƙa zuwa yana lafawa. Alamunta huɗu ne: murɗar ciki mai tsanani, kumburi, amai kore ko ɗorawa, da rashin fitar bayan gida ko iska. Wanda aka ga haka gare shi kada a ba shi maganin wankin ciki ko jiƙo ko abinci. Tura kaya ne a hanyar da ta toshe, hanji yana iya fashewa. Wannan aikin likitan fiɗa ne, a kai shi babban asibiti ba da jinkiri ba. Don muhimmancin motsin nan ne likita ke tambayar wanda aka yi wa aiki a ciki ko ya saki iska. In ya saki, alama ce hanji ya farka.

Yadda za a koyar

Gani ya kori ji. Ku nemi doguwar safa ku yanke bakinta, ku sa lemun tsami a ciki. Yaro guda ya riƙe ta a kwance, wani ya matsa bayan lemon da yatsu har ya fita. Sa'an nan a riƙe ta a tsaye a tura lemon sama. A auna igiya ƙafa 20, a sa yara su naɗe ta a faranti don su ga yadda hanji ke zaune a ciki. Ko wane yaro ya ɗora yatsa a maƙogwaronsa ya haɗiyi yawu, ya kuma kara kunne a cikin ɗan'uwansa ya saurari ƙugi. In an kawo hanjin akuya daga kasuwa, a tabbata kowa ya wanke hannu da sabulu bayan an gama. A ƙarshe a haɗa ruwan gishiri da sukari a gaban aji, yara su auna da hannunsu, domin su ne za su kai labarin gida.

Tambayoyi

1. Ta yaya ruwa ke hawa wuyan raƙumi in yana sha?
2. Mene ne bambancin turi da damu a ƙaramin hanji?
3. Don me hanjin akuya ke motsi bayan an yanka ta?
4. Ƙanenka mai shekara 2 yana zawo, maƙwabciya ta kawo ƙwayar tsai da shi. Me za ka gaya mata, me kuma za ka ba shi?
5. Faɗi alamu huɗu na toshewar hanji, da abin da ba a ba mai ita.